Hong Kong: Birnin Da Ake Rubutu Da Wuta

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Canis, ko a sinima, ko a gidan kallo na unguwa, ko a bidiyon gida, akwai wani titi da ya sani ko da bai taɓa jin sunansa ba. Dare ya yi, an yi ruwa an ɗauke, kwalta sai sheƙi take. Jarumi ya biyo yaran bos da gudu yana tsallake motoci. Sama da kawunansu kuwa ga waɗansu manya-manyan rubuce-rubuce na Sinanci, ja da kore da shuɗi da ruwan hoda, sun miƙo daga jikin benaye har tsakiyar hanya, wani bisa wani, sun rufe sararin sama ruf. Wannan titi dai a Hong Kong yake, fitilun kuma su ake kira niyon.

Da yawanmu mun ɗauka darakta ne ya sa aka kafa su don fim ya yi armashi. To, allunan shaguna ne na gaske: na mai abinci, na mai sayar da gwal, na mai maganin gargajiya, na mai karɓar jingina. Kowane harafi da ka gani a jikinsu, mutum ne ya zauna gaban wuta ya lanƙwasa gilashi da hannunsa har ya fito da shi. Abin da ya sa muka ɗauko maganar a wannan fitowa shi ne, allunan nan suna ƙarewa. Ana ta sauke su ɗaya bayan ɗaya, masu ƙera su kuma tsufa ya cim masu. Don haka mai karatu, ɗaure takalminka, mu zaga garin da ƙafa mu ga abin da ya saura.

Daga bakin ruwa

Hong Kong yanki ne a kudancin ƙasar Sin mai mutane kimanin miliyan 7 da rabi. Turawan Ingila sun riƙe shi fiye da shekara 150, suka miƙa shi ga Sin ranar 1 ga Yuli, 1997. Tsakiyar garin kashi biyu ce: akwai tsibirin Hong Kong, akwai kuma Kowloon da ke manne da babbar ƙasa, mashigin ruwa na Victoria ya ratsa tsakaninsu.

Ɗan kallo ba shi da wurin farawa da ya wuce bakin ruwan Tsim Sha Tsui, a can ƙurewar Kowloon. A nan Titin Taurari yake, wanda aka buɗe a 2004 don karrama 'yan fim ɗin garin. Za ka ga shatin tafin hannun su Jackie Chan da Jet Li, ga kuma mutum-mutumin Bruce Lee na tagulla da aka kafa a 2005, ya gyara tsayuwa kamar yanzu zai kai duka. In magariba ta yi, dogayen benayen da ke tsallaken ruwa sai su kama da haske gaba ɗaya, wani na canza launi, wani na nuna talla kamar talabijin. Abin gwanin sha'awa, amma kada ido ya ruɗe ka. Kusan duk wannan hasken na fitilar LED ne, irin wadda ke cikin tocilar wayarka. In niyon na ainihi kake nema, sai ka juya wa ruwan baya ka nausa cikin gari.

Titin Nathan

Hanyar da za ta kai ka ita ce Titin Nathan, wanda ya miƙe sambal daga bakin ruwa ya yi arewa har tsawon kilomita 3.6. Sunan Sir Matthew Nathan aka sa masa, gwamnan Hong Kong daga 1904 zuwa 1907, wanda kafin nan ya yi gwamna a Gold Coast, wato Ghana ta yau.

Ba za ka yi nisa ba za ka ci karo da Chungking Mansions a hannun dama, wani tsohon bene mai hawa 17 da aka gama ginawa a 1961. Cikinsa duniya ce guda: masaukai masu araha, masu canjin kuɗi, shagunan waya, da gidajen abincin Indiyawa da 'yan Pakistan inda baƙo Musulmi zai ci halal hankali kwance. 'Yan kasuwar Afirka, har da 'yan Nijeriya, sun daɗe suna sauka a nan. Wani malamin jami'a mai suna Gordon Mathews, wanda ya fitar da littafi a kan ginin a 2011, ya ƙiyasta cewa a wajajen 2007 da 2008 kusan kashi 20 cikin 100 na wayoyin da ake riƙewa a Afirka kudu da Sahara ta nan suka bi. Ka ga ke nan, ta yiwu wayarka ta farko a nan ta kwana kafin ta iso Farm Centre! Gaba kaɗan a ɗaya hannun ga babban masallacin Kowloon, fari tas, wanda aka buɗe gininsa na yanzu a 1984, in lokacin sallah ya riske ka.

Daga nan sai unguwar Jordan. A nan ne a 1973 kamfanin National Panasonic ya kafa wani allon niyon da ya lulluɓe gefen bene guda, har ya shiga kundin bajinta na Guinness a matsayin mafi girma a duniya. Tirƙashi! Yau ko ƙusarsa babu. A hotunan shekarun 1970 da 1980, wannan yanki na titin ba a ganin sama saboda alluna. Yanzu ka ɗaga kai, sararin Allah za ka gani, sai allo ɗaya nan, ɗaya can.

Me ya sa tun farko suka cika titi haka? Garin ƙunci gare shi. Fili ya yi kaɗan, benaye sun yi tsawo, shago na iya kasancewa a hawa na uku ko na biyar inda mai wucewa ba zai san da shi ba. Dabara ita ce mai shago ya miƙo allonsa waje a kan ƙarafa, ya tsallake kan masu tafiya har saman motoci. Maƙwabcinsa ya ga an tare shi, sai ya yi wanda ya fi tsawo. Bugu da ƙari, ana iya rubuta Sinanci daga sama zuwa ƙasa, saboda haka allo na iya bin tsayin bene ya sauko kamar rawani da aka warware.

Wani abu kuma da mai lura zai gani a tsofaffin finafinai: fitilun Hong Kong ba sa ƙyaftawa, a tsaye haskensu yake. Dalili shi ne tsohon filin jirgin sama na Kai Tak a tsakiyar gari yake, jirage na saukowa ƙasa-ƙasa ta saman rufin gidaje, sai aka hana fitilu masu walƙiya don kada su rikita matuƙa. Sai a Yulin 1998 aka rufe filin aka koma sabo. Da yake an hana allo motsi, dole gwaninta ta koma cikin kyan harafi da haɗin launi.

In ka ci gaba za ka shiga Yau Ma Tei, unguwar kasuwar dare ta Titin Temple, daga nan kuma sai Mong Kok mai cunkoso. A lungunan waɗannan unguwanni ne za ka riƙa tsintar ragowar. Wanda ya fi saurin ganewa shi ne na shagon jingina: siffar jemage ya riƙo kwabo, da harafi guda babba a tsakiya. Kada ka yi mamakin jemagen. A harshensu sunan jemage da kalmar sa'a furucinsu ɗaya ne, don haka a wurinsu alamar arziki ce. Yadda za ka bambance na gaske da na zamani kuwa ba wuya. Niyon bututun gilashi ne, haskensa na fita ta kowane gefe, mai taushi, ba ya soke ido, in ka matsa kusa wani lokacin har za ka ji yana ɗan zuu. Na LED roba ce, gabansa kaɗai ke haske, kuma hasken da kaifi.

A shagon sifu

Kalmar "sifu" ba baƙuwa ba ce ga mai kallon fim ɗin kung fu. Shi ne malamin nan da ke koya wa jarumi faɗa bayan ya gama wahalar da shi da ɗebo ruwa da sharar tsakar gida. To, a harshen Kantonis da ake yi a Hong Kong, duk gwanin sana'ar hannu sifu ake ce masa, har da mai lanƙwasa gilashin niyon. Koyon ma kusan iri ɗaya ne: yaro zai zauna ƙarƙashin maigida, ya fasa gilashi, ya ƙone yatsu, kafin hannunsa ya faɗa.

Shi niyon ɗin iska ce. Wasu masana biyu a Landan, William Ramsay da Morris Travers, suka gano ta a 1898, suka raɗa mata suna daga kalmar Girkanci mai nufin "sabo". Wani Bafaranshe mai suna Georges Claude ya nuna fitilar niyon a bainar jama'a a Faris a Disambar 1910. Daga nan abin ya bazu, ya isa Shanghai a shekarun 1920, ya ƙaraso Hong Kong. Amma tashensa na gaske a garin ya fara ne bayan 1949, lokacin da masu kuɗi da masu sana'a suka yi ta kwararowa daga babbar ƙasa, kasuwa ta buɗe. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980, shagon da ya isa shago sai da allon niyon.

Ga yadda aikin yake. Da farko a zana harafin a takarda daidai girman da ake so, amma a juye, domin ta baya ake lanƙwasawa. Sifu ya ɗauki miƙaƙƙen bututun gilashi, kaurinsa kamar ɗan yatsa, ya kara wurin da yake so a harshen wuta yana jujjuyawa. Da gilashin ya yi laushi, 'yan daƙiƙoƙi kaɗai gare shi ya lanƙwasa shi a kan zanen, yana hura iska ta wani siririn tiyo da ke bakinsa don kada bututun ya lotse ya toshe. In ya kuskure babu gyara, sai dai a jefar a ɗauko sabo. Yawancinsu ko safar hannu ba sa sawa, domin da yatsa ake jin laushin gilashi.

In siffa ta fito, sai a liƙa ɗan ƙarfe a kowane bakin bututun, a zuƙe iskar da ke ciki, a gasa shi da lantarki don ya tsarkaka, sannan a ɗura masa iskar da ake so a toshe. Ana haɗa shi da taransifoma da ke ɗaga ƙarfin wuta har zuwa bolt 15,000, alhali wutar gida ba ta wuce 220 zuwa 240 ba. Da lantarki ya ratsa iskar sai ta kama haske. Babu wata waya a ciki da za ta ƙone kamar ta ƙwan fitila, shi ya sa bututu mai kyau kan yi shekaru da yawa yana aiki.

Launi fa? Iskar niyon zalla ja take bayarwa, ja mai ratsin ruwan lemo kamar garwashi. In shuɗi ake so, wata iska ce daban mai suna agon ake ɗurawa, a ɗiga mata zaiba kaɗan. Sauran launuka, su kore da ruwan hoda da fari da rawaya, daga wata hoda suke fitowa da ake shafe cikin bututun da ita, ko kuma daga gilashi mai launi. Wato yawancin abin da muke kira niyon ma agon ne, sunan ne dai ya bi yayansa.

Harafi kafin wuta

Inda Hong Kong ta sha bamban da sauran garuruwan niyon shi ne rubutun kansa. Lanƙwasa "O" ko "S" na boko abu ne mai sauƙi. Harafin Sinanci kuwa gini ne. Ɗauki misalin harafin da ke nufin diragon, dodon nan na tatsuniyoyinsu, wanda ke cikin sunan Bruce Lee na Sinanci, yake kuma cikin na Jackie Chan. A tsohon rubutun da Hong Kong ke amfani da shi, sai an ja alƙalami sau 16 kafin ya cika. A sauƙaƙƙen rubutun babbar ƙasa sau 5 ne kacal. To, ka ƙaddara an ce ka fitar da wannan ja 16 da gilashi mai zafi, kowanne a mazauninsa, wasu na haye wasu. Dabarar ita ce bututu ɗaya ya zaga ya yi ja da yawa, sai a shafe mahaɗan da baƙin fenti. Da dare ido ba ya ganin wurin da aka shafe, sai ka rantse kowane ja zaman kansa yake.

Kafin aiki ya zo hannun sifu ma, sai ya bi ta hannun gwanin rubutu. Mai shago zai je ya biya a rubuta masa sunan shagonsa da buroshi da tawada, daga nan a faɗaɗa rubutun a mayar da shi allo. Salon da ya fi tashe shi ne wanda ake kira Beiwei, wanda aka ɗauko daga rubutun jikin duwatsu na wata daula da ta yi mulki a arewacin Sin kimanin shekara 1,500 da suka wuce. Haruffansa kauri gare su, masu kaifin kusurwa, ana karanta su daga nesa, kuma suna ba da alamar ƙarfi da amana. Wani gwani mai suna Au Kin-kung na cikin waɗanda suka yaɗa salon a allunan garin. Kowace sana'a kuma da irin rubutun da ya dace da ita: na makarantar kung fu ko mai ɗori daban, na gidan rawa daban.

A wurin Sinawa allon shago mutuncin gida ne. Uba kan bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, kuma in suna so su ce wani kasuwanci ya yi suna na gari, allon suke ambata. Shi ya sa ranar da za a sauke tsohon allo za ka ga iyalin gidan da maƙwabta sun taru a titi suna ɗaukar hoto, kamar masu rakiyar ɗan'uwa tasha.

Abin da kyamara ta gani

'Yan fim ɗin Hong Kong sun tsinci dami a kala. Titi ya riga ya haska kansa, launi ko'ina, ba sai an yi jigilar manyan fitilu ba. In aka yi ruwa, ko aka watsa wa kwalta ruwa da gangan, hasken sai ya ninku, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Ba wanda ya ci moriyar wannan kamar darakta Wong Kar-wai da mai ɗaukar hotonsa Christopher Doyle, mutumin Ostireliya. A Chungking Express na 1994, wanda wani ɓangarensa a wancan benen na Titin Nathan labarin ke gudana, da Fallen Angels na 1995, hasken titi ne ke gaya maka halin da zuciyar ɗan wasa ke ciki. Fuska ta yi kore, ka san kaɗaici ya dame shi. Ta yi ja, ka san akwai magana. Masu son dariya da duka kuwa sun ga garin a Rush Hour 2 na 2001, inda Jackie Chan da Chris Tucker suka faro daga Hong Kong suka ƙare a Las Vegas ta Amurka, wani garin niyon ɗin, wanda shi tun 1996 ya kafa gidan tarihi don tsofaffin allunansa.

Har waɗanda ke shirya fim a kan duniyar gobe nan suka zo aro. Blade Runner na 1982 labarinsa a Los Angeles ta shekarar 2019 yake, amma titunansa masu ruwa da fitilu kamannin Hong Kong suka ɗauko. Haka katun ɗin Japan mai suna Ghost in the Shell na 1995. Abin dariya da ban tausayi, da 2019 ɗin ta zo da gaske, garin da aka kwaikwaya yana tsakiyar sauke fitilunsa. A Godzilla vs. Kong na 2021 an yi babban faɗan ƙarshe a wata Hong Kong mai walƙiya ta ko'ina, amma kwamfuta ce ta zana hasken.

Me ya cinye su?

Abu uku ne suka haɗu. Na farko LED. Tun da masana a Japan suka samo shuɗiyar LED a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, sai fitilar ta yi araha, ba ta shan wuta, ba ta fashewa, kuma ba ta buƙatar sifu. Na biyu kuɗin haya. Tsofaffin shagunan gado suna rufewa, manyan kamfanoni masu rassa suna maye gurbinsu, kowane reshe da allo iri ɗaya.

Na uku, wanda ya fi ƙarfi, doka ce. Akasarin allunan nan an kafa su ne ba tare da izini ba, a zamanin da hukuma ta kau da kai. A ƙarshen 2010 Hukumar Gine-gine ta fito da sabon tsari, a 2013 kuma ta ƙara da na tantance tsofaffin alluna. A ƙa'ida allo ba zai miƙo fiye da mita 4.2 daga bango ba, kuma sai ya yi sama da kan masu tafiya da aƙalla mita 3.5. Wanda aka amince ya zauna, sai ƙwararre ya duba shi ya sa hannu, a kuma sake dubawa duk bayan shekara 5. Wanda ya zarce ƙa'ida, takardar saukewa ce za ta iso. A 2011 an ƙiyasta akwai alluna kimanin 120,000 a garin, na niyon da waɗanda ba na niyon ba. A 'yan shekarun nan masu fafutikar ceto su sun ce na niyon da suka rage a tituna 'yan ɗaruruwa ne. Su kansu sifu, da an ce sun kai 400 lokacin da sana'ar ke tashe, yanzu da ƙyar a haɗa goma sha wani abu.

A gaskiya hukuma ma tana da hujja. Hong Kong gari ne na guguwar teku. A Satumbar 2018 guguwar Mangkhut ta sa an ɗaga gargaɗi mai lamba 10, wanda babu na sama da shi, ta farfasa tagogin benaye ta tumɓuke itatuwa. Allon ƙarfe da ya shekara 40 yana shan ruwan sama da iskar gishiri, yana rataye bisa kan jama'a, ba abin wasa ba ne. Rigakafi ya fi magani, kuma ba allon da ya kai ran mutum. Ƙorafin masu kishin abin shi ne, dokar ba ta ware allon da ke da tarihi daga tarkacen da ya kamata a cire ba, kuma kuɗin gyara allo ya cika sharuɗɗa ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Sai ya ga saukewa ta fi masa sauƙi.

Saniyar da ta tsallaka ruwa

Don ka ga yadda abin ke faruwa, mu koma bakin ruwa mu hau jirgin fito na Star Ferry, mai launin kore da fari, wanda ke ɗauke da wannan suna tun 1898, shekarar da aka gano niyon. Cikin minti 10 ka sauka a tsibiri. Daga nan ka yi yamma zuwa unguwar Sai Ying Pun. A kan Titin Queen's Road West akwai wani gidan cin nama da aka sani da Sammy's Kitchen, wanda a ƙarshen shekarun 1970 mai shi ya rataya wata ƙatuwar saniya ta niyon a saman titi, tsawonta ya kusa mita 5, da sunan shagon a jikinta da boko da Sinanci. Kusan shekara 40 tana nan, har ta zama abin kwatance: ka sauka a wajen saniya. Hukuma ta ce ta saɓa ƙa'ida, a Agustan 2015 aka sauke ta.

Allah ya taimake ta ba ta tafi bola ba. Masu shagon sun ba da ita kyauta ga M+, gidan adana kayan fasaha na zamani da ke Kowloon ta Yamma, wanda ya buɗe ƙofarsa a Nuwambar 2021. Tun a 2014, kafin ma a gama gininsa, M+ ya nemi jama'ar gari su ɗauki hoton duk allon niyon da suka gani su turo ta intanet, aka tara hotuna sama da 4,000 aka yi taswira da su. Da yawa daga cikin allunan da ke taswirar nan yanzu hoton ne kaɗai ya rage. A 2020 kuma aka kafa wata ƙungiya mai suna Tetra Neon Exchange, wadda aikinta shi ne in ta ji za a sauke allo ta je ta roƙa, ta kwance shi a hankali ta adana. A 2023 an baje wasu daga cikin waɗanda aka ceto a Tai Kwun, tsohon ofishin 'yan sanda da kurkuku da aka mayar dandalin al'adu a unguwar Central, aka sake kunna su, jama'a suka yi ta tururuwa.

'Yan fim ma ba a bar su a baya ba. A 2022 darakta Anastasia Tsang ta fitar da A Light Never Goes Out, labarin wata mata da mijinta maƙerin niyon ya rasu, ta gano bai rufe shagonsa ba kamar yadda ta zata, har da yaron da yake koya wa aiki, sai ta ɗaura aniyar cika masa burinsa. Simon Yam ne mijin, Sylvia Chang ce matar, kuma rawar da ta taka ta ba ta kyautar gwarzuwar jaruma a bikin Golden Horse na Taiwan a shekarar. Wanda bai gani ba ya nema, amma ya tanadi hankici.

Sana'ar dai ba ta mutu murus ba. Irin su sifu Wu Chi-kai, wanda ya shiga aikin tun yana saurayi a shekarun 1980, sun koma yin ƙananan ayyuka na cikin shago da na masu zane-zane, wasu matasa maza da mata kuma sun fara koyo. Da babu gara ba daɗi. Sai dai allon da ke cikin ɗakin nuni kamar zaki ne a gidan zu: ga shi nan da ransa, amma ba dajinsa ba ne. An yi shi ne don ya yi gogayya da na maƙwabci, ya haska kan mai tura kaya da direban tasi, kowa ya kalla kyauta ba tikiti.

Daga Titin Lugga

Mu ƙare zagayen a kan dutsen Victoria, wanda ake hawa da wani ɗan jirgin ƙasa da waya ke ja tun 1888. A can sama akwai wata siririyar hanyar ƙafa da ta zagaye dutsen, sunanta Titin Lugard. E, Gwamna Luggan da ka sani ne, wanda ya ci ƙasar Hausa da yaƙi. Da ya bar Arewa a 1906, nan aka turo shi ya yi gwamna daga 1907 zuwa 1912, kafin ya koma ya haɗe Nijeriya a 1914.

Daga nan garin gaba ɗaya yana ƙarƙashinka, tsibiri da ruwa da Kowloon. Hasken ya fi na kowane zamani yawa, amma fari ne da shuɗi mai sanyi, irin wanda za ka gani a Dubai ko Singafo. Jan garwashin nan da ya sa ko daga hoto ɗaya ka san Hong Kong ce, shi ne ya yi ƙaranci. Wanda ke son ganin Titin Nathan na 1985 yau, ba shi da inda zai je sai cikin fim. Daraktocin da suka fito da kyamara kan titi labarin soyayya da na 'yan sanda suka je ɗauka, ashe tarihin gari suke adanawa.

Mu ma nan gida abin bai yi mana nisa ba. Masu rubutun fenti da ke ƙawata allunan shaguna da jikin manyan motoci da hannu, na'urar buga bana ta fara ture su gefe. Furodusan da ya fita daga falo da lambu ya kafa kyamara a Fagge ko bakin Kantin Kwari, wata rana jikoki za su tsayar da fim ɗinsa su ce, ashe haka garin yake. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.